Ruwan Laraba

Mai gadin bai ko karɓi katin gayyatar ba. Ya dubi abayar Mastura da ta koɗe a kafaɗa, ya dubi silifas ɗinta, sannan ya nuna mata lungun gefen ginin da haɓarsa.

"Masu girki ta baya suke shiga," ya ce da Larabci.

"Ni ba girki na zo ba. Aikina ne aka rataye a ciki."

"Ta baya," ya maimaita, idonsa na kan wata farar mota da ke shigowa.

Ta bi lungun. Mota biyu ta hau daga unguwarsu ta Kurayyat kafin ta iso wannan unguwa ta arewacin Jidda, ƙafafunta sun kumbura, ba ta da ƙarfin musu. A bayan ginin akwai durorin shara uku, duk sun cika tun ba a buɗe taron ba. Kwalaye ne da ledoji da bawon jatan lande, ruwansu na tsiyaya zuwa bakin titi. Ta ɗage abayarta ta tsallake.

Madina ce ta buɗe mata ƙofar. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da biyar, haifaffiyar Jidda, wadda kakanta ya zo hajji daga Katsina bai koma ba. Ita ce mataimakiyar Ustaza Najat, mai zauren baje kolin, kuma ita ta fara nuna wa uwargijiyarta hotunan ɗinkin Mastura. Tana jin Hausa sarai, amma idan za ta mayar sai harshen ya riƙa karye mata.

"Ya Khala, kin yi latti. Yalla, maza, Ustaza tana tambayarki." Khala take ce mata, wato 'yar uwar uwa da Larabci.

"Cewa aka yi in biyo ta wajen shara."

"Ma'alesh, yi haƙuri, mai gadin sabo ne," in ji Madina, ba ta kalle ta ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan da Mastura ta baro Damagaram. Da rana tana aikin gida, da yamma tana haɗa ƙyallayen da teloli suka zubar ta ɗinka barguna, tana sayar wa matan unguwa. A hankali bargunan suka fara ɗaukar abin da idonta ke gani. Ta taɓa ɗinka ɗaya da buhunan shinkafa da ledojin da ta cire daga ƙayar waya. Ta yi wani mai jerin motocin kwasar masai suna tafiya gabas, baƙaƙe a kan rawaya. Sau biyu an baje su a kasuwar sadaka ta wata ƙungiyar mata, mutane suka tsaya suka yi dariya, suka sayi ƙananan. Wannan ne karo na farko da aikinta zai shiga zaure mai fitilu, a baje kolin da aka ce na kare muhalli ne.

Bargo ɗaya suka zaɓa, wanda ta yi bayan ambaliya. Ranar wata Laraba, ana jibi Babbar Salla, sama ta buɗe a kan Jidda, ruwa ya gangaro daga duwatsu ya bi tsohuwar hanyarsa, ya tarar an gine ta. A unguwar Guwaiza ya ci Inno, tsohuwar da ta karɓi Mastura a ɗakinta farkon zuwanta, wadda ke yawo da keken jarirai tana tsintar gwangwani a durorin shara. Sai bayan kwana uku aka zaro ta daga ƙarƙashin wata mota. Da aka gama zaman makoki Mastura ta koma unguwar da buhu, ta riƙa shiga laka har gwiwa tana tsintar tufafi: rigar makaranta ta yarinya, rabin labule, tawul ɗin harami, farar rigar namiji, safar jariri ƙwaya ɗaya. A jikin wata katanga ta sami koren zanen Inno mai hoton kifaye.

Ta shanya su a saman soro, ta kakkaɓe, amma ba ta wanke ba. Lakar ta karya mata allurar keke har uku, don haka ta koma ɗinkin hannu, wata uku cur. Ta jera ƙyallayen yadda tabon lakar kowanne zai haɗu da na kusa da shi, har ya zama layi guda mai launin ƙasa da ya ratsa bargon daga gefe zuwa gefe, daidai ƙirjin mutum, inda ruwan ya tsaya a bangon ɗakin Inno. Yana warin masai da man dizal. Maƙwabta sun yi magana, 'yarta Jamilatu ta ƙaura da barci zuwa tsakar gida. Ta sa masa suna Ruwan Laraba.

Madina ta ratsa da ita ta kicin suka fito cikin zauren. Sanyin na'ura ya bugi fuskarta, ga hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina. An rataye zane-zanen kunkuru da murjani, da wani itacen dabino da aka ƙera da kwalaben roba. A bangon ƙarshe, ƙarƙashin fitila uku, ta hango bargonta. Ta tsaya.

Yana sheƙi. Farar rigar ta yi fari fat, rigar makarantar ta koma ruwan hoda kamar yau aka yanko ta, kifayen Inno sun fito rawaya shar. Layin babu shi. Ta matsa kusa ta sa hanci, ta ji ƙamshin sabulun gidan wanki da turare. An ma goge shi da dutsen guga, har ɗinkinta ya kwanta.

"Wa ya wanke shi?"

"Khala, wallahi ba ni ba. Ustaza ta ce riha, wato warin, zai kori baƙi. An kai shi gidan wanki sau biyu."

"Sau biyu."

"Na farko bai fita ba."

Mastura ta mayar da idonta kan bangon. A gefen bargon akwai ɗan farin kati. Ba ta iya karatun Larabci da sauri ba, amma ta san yadda ake rubuta sunanta, kuma ba ta gan shi ba.

"Karanta mini."

Madina ta fassara a hankali. "Launukan Amaryar Teku, wato Jidda. Aikin hannu na wata mai sana'ar gargajiya daga Afirka, da ƙyallayen da aka ceto daga shara."

"Shara," in ji Mastura.

"Sunanki kuma, Ustaza ta ce iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, ta 'yar aikin gida ce. Idan aka rubuta, wani zai iya kawo mushkila."

Kafin ta amsa sai ga Ustaza Najat, mai zauren, doguwar mace da abaya mai ado a hannu. Ta kama kafaɗun Mastura ta sumbaci iska a gefen kuncinta.

"Ga gwanarmu. Kin ga yadda ya yi kyau? Ni kaina ban san akwai waɗannan launuka a ƙarƙashin dattin ba."

"Ustaza, dattin shi ne aikin," in ji Mastura da Larabcinta na kasuwa.

Ustaza ta yi dariya kamar an ba ta labari mai daɗi. "Na sani, na sani, ku masu fasaha. Amma akwai masu asma a cikin baƙina. Saurara, bayan an buɗe za ki yi magana kaɗan, da yarenku, mutane suna son jin haka. Madina za ta fassara." Ta rage murya. "Ranar Asabar kuma ki zo da fasfo ɗinki da na 'yarki. Na yi wa mai bin takarduna magana."

Mastura ta sunkuyar da kai. Tsohon da ya yi mata kafili, wato ya tsaya mata a takardar zama, shekara goma sha tara ya rasu da azumi, 'ya'yansa sun ce ba su da bukatarta, ta nemi wani kafin iƙamar ta mutu. Saura mako biyar. Mijinta Haladu yana kwance a maƙabartar Jidda, Jamilatu tana ajin ƙarshe na sakandare, ba ta taɓa ganin Damagaram ba sai a hoto. Ustaza Najat kaɗai ce ta ce za ta karɓe su.

"Na gode, Ustaza," ta ce.

Bayan la'asar baƙi suka cika zauren. Mastura ta tsaya a gefen bargonta kamar yadda aka ce ta yi, hannayenta a cikin abaya. Masu hidima suna yawo da farantan roba da ƙananan kwalaben ruwa. Ta ga wata mata ta kurɓi ɗaya sau guda ta ajiye a gindin dabinon nan na kwalabe, ta ɗauki sabuwa. Wani saurayi ya ciji samosa, ya yamutse fuska, ya tura ragowar bayan tukunyar fure. Wasu mata biyu suka tsaya gaban bargon, ɗayar ta shafa rigar makarantar da farcenta.

"Zai yi kyau a ɗakin yara," ta ce.

Sai da aka yaye labulen dandamali Mastura ta ga allon masu ɗaukar nauyin taron. Koren ganye ne a kan shuɗin ruwa, da sunan wani kamfanin gine-gine a ƙasa. Ta san wannan ganyen. Shi ne a jikin doguwar katangar da aka gina a bakin kwarin da ke bayan layin su Inno, shekara biyu kafin ruwan. Inno ta sha cewa tun da aka yi katangar ko ɗan yayyafi aka yi sai ya kwanta a ƙofarta. A jikin wannan katangar, ƙasa da ganyen kaɗan, Mastura ta ɓamɓaro koren zanen.

Wakilin kamfanin ya hau ya yi jawabi. Muhandis Hamad aka kira shi, wato injiniya, mutum mai ƙiba da tattausar murya, rigarsa ko lanƙwasa babu. Ya ce ƙasa amana ce. Ya ce a bana kaɗai sun dasa itace dubu a bakin titunan da suka gina. Aka tafa. Ƙamshin turaren ya ishi Mastura, ta riƙa numfashi ta baki.

Daga nan Ustaza ta jagoranci baƙin daga aiki zuwa aiki, har suka iso bangon ƙarshe. Wajen mutum arba'in suka kewaye ta, wani mai kyamara ya durƙusa a gaba.

"Bismillah, yi mana da yarenku," in ji Ustaza.

Mastura ta dubi bargon, ba ta dubi mutanen ba. Ta yi magana da Hausa, a hankali.

"Waɗannan tufafin mutanen Guwaiza ne. A laka na tsince su bayan ruwan Laraba. Wasu masu su suna raye, wasu ban sani ba."

Madina ta gyara tsayuwa, ta ce da Larabci mai santsi, "Ta ce tana tattara tufafin da mutane suka daina amfani da su, daga unguwannin Jidda daban-daban."

Mastura ta juyo ta kalle ta. Yarinyar ta kafa ido a ƙasa.

"Wannan koren na Inno ne. Ruwa ya kashe ta a ƙofar ɗakinta, saboda an gina katanga a hanyarsa. Katangar tana da wancan ganyen a jikinta."

"Ta ce koren zanen na wata ƙawarta ne da take ƙauna," in ji Madina. "Kuma kore launin ganye ne, launin rai."

Baƙin suka yi murmushi, wasu suka gyaɗa kai. Ustaza ta ɗaga hannu za ta fara tafi.

Mastura ta tuna Asabar, ta tuna Jamilatu da littattafanta a tsakar gida. Duk da haka bakinta ya buɗe, wannan karon da Larabci, irin wanda ake cinikin tumatir da shi.

"Mai wannan zanen ta mutu a ruwan Guwaiza. Da laka a jikinsa. An wanke."

Maganar katangar ta zo mata har bakin haƙora, ta tsaya a nan. Zauren ya yi tsit, ana jin ƙugin na'urar sanyi. Matar da ta yi zancen ɗakin yara ta zaro hankici ta goge yatsunta. Fuskar Ustaza ba ta motsa ba, murmushin yana nan inda ta bar shi.

Muhandis Hamad ne ya fara magana. Ya dafa ƙirji.

"Allah ya jiƙanta. Allah ya jiƙan dukkan waɗanda suka tafi a wannan ƙaddara." Ya matso ya ƙura wa kifayen ido. "Subhanallah. Ashe aikin yana da labari. Ustaza, me ya sa ba a rubuta a katin ba? Ai wannan shi ne darajarsa." Ya juya ga jama'a. "Kamfaninmu zai saye shi. Za mu rataye shi a ƙofar shiga ofishinmu, kowa ya gani, don tunawa da 'yan uwanmu."

Tafin da aka yi ya fi na jawabinsa. Mai kyamara ya ce su matso kusa. Muhandis ya tsaya a dama, Ustaza a hagu, aka sa Mastura a tsakiya, fitila ta haska sau uku.

Da jama'a suka wuce wajen abinci, Ustaza ta riƙo gwiwar hannunta.

"Kin tsorata ni, amma ya fito da kyau. Kin ji abin da ya ce."

"Ba na sayarwa ba ne, Ustaza."

"Takardar da kika dangwala wa hannu ta ba zaure ikon sayarwa, kuma rabonki yana nan." Ta saki hannun, ta gyara mata gefen mayafi kamar uwa. "Kada mu ɓata rana mai kyau. Asabar, ƙarfe goma, da fasfo biyu. Ko kin sami wani kafilin ne?"

Mastura ta dubi yatsun matar, da zoben da ke kansu. Ta ji muryarta ta fito ƙarama, irin wadda ta yi shekara goma sha tara tana amsa kira da ita.

"A'a, Ustaza. Zan zo."

Ta nemi banɗaki ta rufe kanta. Ta sunkuya a kan farin kwanon wanke hannu. Ta kuskure baki. A madubi ta ga wata tsohuwa da aka gyara wa mayafi, ta kawar da kai. Ba ta san wanda ya fi ba ta ƙyama ba, mai ganyen, ko mai zoben, ko wadda ta tsaya a tsakiyarsu aka ɗauki hoto.

Rana ta yi ja lokacin da ta fito bakin titi. Ta tsaya inda ƙananan motocin haya ke tsayawa. Ba ta daɗe ba ta ji takun takalmi a bayanta.

"Khala."

Ba ta juya ba.

"Khala, ki tsaya. Ni na ji tsoro. Idan na faɗi abin da kika faɗa, halas, shi ke nan, aikina ya tafi."

"Na sani. Ni ma ai rabi na faɗa."

Madina ta zo ta tsaya a gefenta, tana murɗa igiyar jakarta. Motoci suka wuce, babu mai zuwa kudu.

"Kakata a Guwaiza take," ta ce. "Take da. Ustaza ba ta sani ba, tana tsammani duk danginmu a unguwar Hindawiyya suke. Ba ta mutu a ruwan ba, an fito da ita ta taga. Amma ta sha shi. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti."

Sai yanzu Mastura ta juyo. Kwallin yarinyar ya zubo a gefen hancinta.

"Allah ya jiƙanta. Yaya sunanta?"

"Turai."

"Turai mai ƙosai? Ta bayan masallaci?"

"Kin san ta?"

"Inno tana kai mata kwalaye tana hura wuta da su. Ita kuma ta ba ta ƙosai bakwai." Mastura ta girgiza kai. "Ban ji rasuwarta ba."

"Ba mu faɗa wa mutane da yawa ba." Madina ta goge hanci da bayan hannu. "Kayanta suna gidanmu, a cikin buhu, a saman soro. Ummi ba ta iya buɗewa. Kullum tana cewa gobe za ta kai gidan wanki, ko ta zubar. Har yanzu da tin, wato laka, a jikinsu."

Wata ƙaramar mota ta rage gudu, direban ya leƙo yana kiran masu zuwa Bab Makka, can kudancin gari. Mastura ta ɗaga masa hannu. Ta kama ƙofar, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta tsaya.

"Kin san gidana a Kurayyat?"

"Na sani."

"Ranar Juma'a ki kawo mini buhun. Ki zo da kanki, zan ba ki allura. Wannan ba za a rataye shi a ko'ina ba, uwarki za ta rufa da shi ko ta ajiye."

"Ban iya ɗinki ba, Khala."

"Za ki iya. Ki gaya wa uwarki kawai kada ta bari ruwa ya taɓa su."

Direban ya danna ƙaho. Ta shiga ta ja ƙofar, motar ta nufi kudu.